Shan Inna da Rikicin Ɗigon Rigakafi a Arewa: Tambayoyi da Amsoshi kan Yadda Fahimtar Cuta ke Juya Manufar Gwamnati

An tattaro waɗannan tambayoyi ne daga abin da ɗaliban makarantun koyon aikin lafiya, da ma'aikatan rigakafi, da 'yan jarida, har da masu unguwanni suke yawan maimaitawa duk lokacin da aka tayar da zancen ɗigon rigakafin shan inna. An zaɓi wannan cuta domin da wuya a sami wadda ta fi ta nuna yadda mutum biyu za su dubi yaro ɗaya mai shanyayyiyar ƙafa, kowa ya ga abu dabam, kuma abin da kowa ya gani ya kai shi ga mataki dabam.

1. Me ake nufi idan aka ce al'umma ce ke fassara matsalar lafiya? Ashe cuta ba cuta ba ce kawai?

Ƙwayar cuta ba ruwanta da ra'ayin kowa, wannan gaskiya ne. Sai dai kafin gwamnati ta fitar da ko sisin kwabo, dole wani ya faɗi abin da ya kawo cutar, da wanda alhakinta ke wuyansa, da wanda ya cancanci a kira ya magance ta, da kuma ko tana iya jira ko ba ta iya jira. Waɗannan amsoshi ba daga ɗakin gwaje-gwaje kaɗai suke fitowa ba. Malamai da sarakuna da 'yan siyasa da masu ba da tallafi da gidajen rediyo duk suna da baki a ciki, kuma amsar da ta yi rinjaye ita ce ke zama manufa. Idan aka ce matsala laifi ce, ɗan sanda za a kira, idan aka ce ciwo ce, likita, idan kuwa aka ce jarrabawa ce daga Allah, wajen malami za a nufa.

Turawa ma sun bi ta wannan hanya. A birnin Landan, mahukunta sun daɗe suna ɗora alhakin amai da gudawa a kan gurɓatacciyar iska da wari, har likita John Snow ya nuna a 1854 cewa mace-macen wata unguwa sun taru ne a kewayen famfon ruwa guda. Wanda ya yarda iska ce zai yaƙi wari, wanda ya yarda ruwa ne zai gyara famfo da magudana.

2. A likitance, mece ce shan inna?

Ƙwayar cuta ce da ke shiga jiki ta baki, galibi ta ruwa ko abincin da bahaya ya gurɓata, ta hayayyafa a cikin hanji, ta fita ta bayan gida ta kama wani. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta fi kamawa. Mafi yawan waɗanda suka ɗauke ta ba sa nuna wata alama, amma kusan ɗaya cikin 200 yakan shanye, yawanci a ƙafa, shanyewar da ba ta warkewa, kuma daga cikin waɗanda suka shanye 5 zuwa 10 cikin ɗari sukan rasu idan ciwon ya taɓa naman jikin da ake numfashi da shi. Ba ta da magani, rigakafi kawai gare ta.

Wannan ɓoyuwa tata ita ce tushen rashin jituwar da za a gani a amsa ta 7. Jami'in lafiya idan ya ji yaro ɗaya ya shanye a ƙauye, ya san akwai ɗaruruwa da ke yawo da ƙwayar, don haka annoba yake gani. Maƙwabcin yaron kuwa yaro ɗaya ya gani, a garin da ƙyanda ta kwashe yara da dama a bara.

3. Daga ina sunan "shan inna" ya samo asali, kuma yana da wani tasiri?

Inna iska ce daga cikin iskokin da aka sani a bori, wasu kan danganta ta da Doguwa, kuma an ɗauka ita ce ke shan jinin ƙafar yaro har ta ƙanjame. Sunan kansa bayani ne na musabbabin cutar, kuma bayanin yana nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa, wato ta mai maganin gargajiya ko ta malami, inda za a sami turare da tofi da rubutun sha. Ga wanda ya riƙe wannan fahimta, ɗigo biyu a bakin yaron da ke wasansa lafiya lau ba su da wata alaƙa da aljana.

Amma an sha kambama wannan batu fiye da kima, musamman a rahotannin baƙi. Yawancin masu cewa shan inna a yau suna faɗa ne kamar yadda ake faɗin kowane suna, ba tare da Inna ta faɗo musu a rai ba, kuma uwayen da aka ce camfi ya hana su karɓar ɗigo su ne ke cika layi da rana tsaka idan an kawo allurar sanƙarau. Da camfi ne kaɗai matsalar, da sauya sunan zuwa "foliyo" a sanarwar rediyo ya wadatar.

4. Me ya sa duniya ta ɗora wa kanta kawar da wannan cuta baki ɗaya?

Nasarar kawar da agana, wadda aka tabbatar a 1980, ita ce ta ba da ƙwarin gwiwa. A 1988 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya yanke shawarar kawar da shan inna kafin shekarar 2000, lokacin da ake ƙiyasin tana shanye yara kusan 350,000 a shekara a ƙasashe 125. Hukumar ta haɗa hannu da UNICEF da ƙungiyar Rotary da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, daga baya gidauniyar Bill Gates ta shigo da kuɗi masu yawa. A 1996 Nelson Mandela ya ƙaddamar da gangamin fatattakar cutar daga Afirka.

Akwai bambanci mai girma tsakanin rage cuta da kawar da ita. Mai son ragewa zai gamsu idan yawancin yara sun samu rigakafi, mai son kawarwa kuwa ba zai huta ba sai an kai ga kusan kowane yaro, sau da yawa, har cikin gida. Daga nan aka sami zagayen gida-gida da alli a bango da tawada a ɗan yatsa, kuma kuɗin da aka ware domin wannan aiki ba a yarda a karkatar da su ga wani ciwo ba.

5. Me ya faru a 2003 har aka dakatar da rigakafin?

A shekarar 2003 Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci a Najeriya, ƙarƙashin jagorancin Dakta Ibrahim Datti Ahmed, wanda shi kansa likita ne, ta yi zargin cewa an gauraya ɗigon da sinadaran hana haihuwa da ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki, ta kuma nemi a tsaya har sai an bincika. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da aikin. Sauran sun koma ba da daɗewa ba, amma Kano, ƙarƙashin Gwamna Ibrahim Shekarau, ta tsaya kan bakanta kusan shekara guda. An yi ta kafa kwamitoci ana gwada maganin a gida da waje, kowane ɓangare yana ƙin sakamakon ɗaya ɓangaren, domin rigimar ta riga ta tashi daga kan abin da ke cikin kwalba ta koma kan wanda za a yarda da maganarsa.

Kano ta ci gaba da rigakafi a ƙarshen watan Yuli na 2004, bayan an amince a kawo mata maganin da kamfanin Bio Farma na ƙasar Indunusiya ya sarrafa. A kimiyyance ɗigon iri ɗaya ne da wanda aka ƙi, abin da ya canja shi ne fitowarsa daga ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi. A watan Oktoba na shekarar Shugaba Olusegun Obasanjo ya je Kano ya ɗiga wa 'yar gwamnan a bainar jama'a.

6. Shin ba jahilci ne kawai ya sa mutane suka gaskata zargin ba?

Zargin bai tabbata ba, kuma ya cutar da yara, kamar yadda amsa ta 8 ta nuna. Amma ruwa ba ya tsami banza. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Zana da ke Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, biyar daga waɗanda aka ba Trovan, shida daga waɗanda aka ba maganin da ake kwatanta shi da shi, wasu kuma suka nakasa. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe su, iyaye kuwa suka ce ba a sanar da su gwaji ake yi ba. Jaridar Washington Post ta fallasa labarin a ƙarshen 2000, kuma sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Ke nan a 2003 mikin yana ɗanye, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

A haɗa da manufar yawan jama'a ta 1988, zamanin Janar Babangida, wadda ta ba da shawarar 'ya'ya huɗu ga kowace mace, da mamayar Iraƙi a watan Maris na 2003, da tsamin dangantaka tsakanin gwamnatin tarayya da jihohin da suka ƙaddamar da Shari'a. Kiran iyaye jahilai shi ma fassara ce, kuma fassara ce mai daɗi ga hukuma, tunda tana ɗora laifin a kan talaka, maganinta kuma ƙarin lasifika ne da fosta. Da aka ce matsalar rashin yarda ce, sai tambayar ta juya ta fuskanci hukuma, wato me ta yi har aka daina yarda da ita.

7. Me ya sa iyaye ke cewa "wannan kaɗai ne kyauta"?

Duk wanda ya taɓa zagayen gida-gida ya ji wannan magana, kuma ita ce mafi ƙarfi cikin duk hujjojin masu ƙi. Magidanci yakan ce ɗansa ya yi zazzaɓin cizon sauro ya kai shi asibitin sha-ka-tafi bai tarar da magani ba, sai takarda aka rubuta masa ya je kemis, matarsa ta yi doguwar naƙuda babu motar da za ta ɗauke ta, rijiyar burtsatsen unguwa ta shekara a lalace, amma ga mutane suna sallama a ƙofarsa kusan kowane wata da maganin ciwon da bai taɓa kai kukansa ba, kuma ba sa karɓar ko kwabo. A ƙasar da aka saba cewa banza ba ta kai zomo kasuwa, dole a tambayi dalili.

Alƙaluma suna bayan wannan ƙorafi. A zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, an ƙarfafa kiwon lafiya matakin farko bisa tafarkin taron lafiya na duniya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978, rigakafin yau da kullum ya bunƙasa. Daga baya tsarin ya ruguje, har binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2003 ya gano kashi 13 cikin ɗari kacal na yara ne suka kammala alluransu, kuma jihohin arewa ne a ƙasa. Duniya ta sa shan inna a sahun gaba saboda ana iya kawar da ita, iyaye kuwa sun jera cututtuka ne bisa yawan kaburburan da suka haƙa. Kowanne lissafi yana da hankali a cikinsa, amma ɓangare ɗaya ne ke riƙe da kuɗi.

8. Wace illa dakatarwar ta jawo?

Yaran da cutar ta shanye a Najeriya sun tashi daga 202 a 2002 zuwa 1,122 a 2006. Ƙwayar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, daga maƙwabta a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya zuwa Sudan, ta haye Bahar Maliya zuwa Yaman, inda ta shanye yara sama da 400 a 2005. Abin takaici, ta isa har Indunusiya, ƙasar da aka sayo wa Kano magani daga gare ta, bayan ta yi shekara goma ba ta ga cutar ba. Saudiyya ta sanya wa alhazan ƙasashen da ke da cutar sharaɗin shan ɗigon, kuma ganin dattawa suna buɗe baki ana ɗiga musu a kan hanyar Makka ya rage wa zargin kaifi fiye da jawabai da yawa.

9. To yaya aka shawo kan lamarin?

Ba a shawo kansa da gardama ba. A 2006 aka sauya salon zagayen, aka fara haɗa ɗigon da abin da iyaye suke nema, kamar allurar ƙyanda da sinadarin bitamin A da maganin tsutsar ciki, wani lokaci da sabulu ko gidan sauro. Wannan amsa ce kai tsaye ga ƙorafin da ke amsa ta 7, ko da yake ba cikakkiya ba ce, don sabulu ba ya maye gurbin asibiti. Daga baya aka ƙara da sansanonin duba marasa lafiya a unguwannin da ƙin karɓa ya yi yawa.

A 2009 gwamnoni suka rattaba hannu a Abuja kan alƙawarin jagorantar aikin da kansu, aka kuma kafa kwamitin sarakunan arewa kan kiwon lafiya matakin farko da goyon bayan Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar. Umarni ya riƙa sauka daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwar da ya san kowane gida da yawan yaran cikinsa. Adadin yaran da cutar ta shanye ya faɗi daga 798 a 2008 zuwa 21 a 2010. Aka ɗauki mata 'yan unguwa, waɗanda ke iya shiga gidajen kulle su zauna a tabarma ɗaya da uwa, aka shigo da waɗanda cutar ta nakasa su riƙa magana da bakinsu. Da adadin ya sake hawa zuwa 122 a 2012, aka buɗe cibiyar ayyukan gaggawa a Abuja, lokacin Dakta Muhammad Ali Pate yana ƙaramin ministan lafiya, inda ake bin diddigin kowace ƙaramar hukuma. Ma'aikatan wannan tsari ne aka kwasa zuwa Legas da Ebola ta shigo a watan Yuli na 2014, aka daƙile ta a kan mutum 20.

10. Me zai hana a tilasta wa iyaye kawai?

An gwada. A 2011 hukumomin Kano sun yi barazanar gurfanar da iyayen da suka ƙi, kuma a wurare da dama an kai magidanta gaban hakimi ko 'yan sanda. Tilas takan buɗe ƙofa a ranar, amma takan koya wa mutane dabara, ko a ɓoye yara a ɗaka a ce sun tafi unguwa, ko a roƙi ma'aikaciya ta shafa wa yaro tawada a yatsa ba tare da ya sha ɗigon ba. Wannan na biyun ya fi ƙin fili haɗari, domin takarda tana nuna an gama aiki alhali yaron ba shi da kariya.

11. Ina rashin tsaro ya shigo cikin wannan labari?

Ranar 8 ga Fabrairu, 2013, 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara a wasu cibiyoyin lafiya biyu a Kano, kusan dukkansu mata. Hakan ya zo ne bayan an gano cewa hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da rigakafin bogi a garin Abbottabad na Pakistan a 2011 wajen farautar Usama bin Laden, abin da ya ba masu zargi hujjar da suka daɗe suna nema, ya kuma jefa ma'aikatan gaskiya cikin haɗari.

A Borno kuwa matsalar ta rashin isa ce. Bayan yaron da aka samu da cutar a Sumaila ta jihar Kano a watan Yuli na 2014, an cire Najeriya daga jerin ƙasashen da cutar ta yi kaka-gida a 2015, sai ga ta ta ɓulla a 2016 a ƙananan hukumomin Gwoza da Jere da Monguno. Bincike ya nuna ƙwayar ta yi kusan shekara biyar tana yawo a yankunan da Boko Haram ta hana shiga. Rashin rahoton cuta daga wuri ba shaida ba ne cewa babu ita, idan babu mai iya zuwa ya duba.

12. Tunda an ce an kawar da ita a 2020, me ya sa har yanzu ake zagaye?

Abin da aka tabbatar ranar 25 ga Agusta, 2020, shi ne Afirka ta rabu da ƙwayar asali mai yawo a gari, wadda yanzu ta rage a Pakistan da Afghanistan. Amma ɗigon baki yana ɗauke da ƙwaya mai rai da aka raunana, kuma a garin da yara da yawa ba su da rigakafi, ga ƙarancin masai da tsabtataccen ruwa, raunanniyar ƙwayar kan daɗe tana wucewa daga yaro zuwa yaro har ta rikiɗe ta dawo da ƙarfin shanyarwa. Wannan nau'i ne ke ɓulla a jihohin arewa maso yamma da kudancin Nijar, kuma saboda shi aka fara amfani da sabon ɗigon da ya fi wuyar rikiɗa a Najeriya a 2021.

Nan ma an yi kuskuren fassara. An yi bikin nasara da kalmar "an kawar", ba a yi wa jama'a bayanin wannan nau'i da Hausar da za su gane ba, sai ma'aikaciya ta koma ƙofar gida ana tambayarta abin da ya dawo da ita. Gaskiyar da ya kamata a faɗa a fili ita ce rikiɗar tana faruwa ne inda masu rigakafi suka yi ƙaranci, kuma yaron da ya samu cikakken rigakafi yana da kariya daga duka biyun, ƙwayar asali da wadda ta rikiɗa.

13. Akwai wasu matsalolin lafiya a arewa da fassara ta juya manufarsu haka?

Gubar dalma a Zamfara misali ce. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura yara suna mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka fara zaton zazzaɓi ne ko sanƙarau, kafin a gano duwatsun zinariyar da ake dakawa da niƙawa a tsakar gida suna cike da dalma. Yara kusan 400 suka rasu. Waɗanda suka kira abin haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba sun nemi a haramta, waɗanda suka kira shi gurɓatar muhalli kuwa sun nemi a kwashe ƙasar gidaje, a fitar da niƙa bayan gari, a koya wa masu haƙa yadda za su kiyaye, tunda haramci ba zai raba talaka da zinariya ba, sai dai ya sa ya ɓoye aikin a cikin ɗaki kusa da yara. Garin Bagega sai a 2013 aka tsabtace shi saboda jinkirin sakin kuɗi.

Maganin tari mai kodin kuwa an ɗauke shi a matsayin matsalar kaya, don haka bayan rahoton binciken BBC gwamnatin tarayya ta haramta sarrafa shi da shigo da shi a watan Mayu na 2018. Haramcin ya rage kwalabe a kemis, amma bai tanadar wa wanda ya riga ya kamu gadon jinya ba.

14. Ma'aikacin da aka rufe wa ƙofa, me wannan tarihi zai amfane shi da shi?

Zai taimaka masa ya gane irin ƙin da yake fuskanta, domin ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai tsoron hana haihuwa, wanda limamin unguwa ko ungozomar da ta karɓi haihuwar 'ya'yansa za su fi jami'i gamsar da shi. Akwai mai fushi da ƙaramar hukuma kan hanya ko taki ko rijiya, wanda ya gano cewa ƙin ɗigo ne kaɗai ke sa manya su zo ƙofarsa, kuma wa'azi kan ƙwayar cuta ba zai taɓa shi ba. Akwai uwar da ta yarda amma maigida ya fita kasuwa bai bar izini ba, wadda maganinta shi ne a dawo da yamma. Akwai kuma wanda ya gaji da yawan zagaye, kuma shi amsa ta 12 yake buƙata. Idan takardar rahoto ta tattara su duka a layi ɗaya ta rubuta "sun ƙi", ofis zai aiko da fosta iri ɗaya ga mutum huɗu masu damuwa huɗu, don haka ya kamata ma'aikaci ya rubuta dalilin kowane gida da kalmomin mai gidan, ya miƙa wa mai unguwa da jami'in mazaɓa a taron yamma na ranar.